Inda Mama take yin shiru a Addu'ar Ubangiji

A gidanmu ba a kwanciya sai an yi addu'ar dare, kuma da Addu'ar Ubangiji, wadda Yesu ya koya wa almajiransa, ake rufewa. Mama ce ke ja, mu muna bi. Daga watan Fabrairun 2000 sai wani abu ya sauya. Takan fara yadda ta saba, ta roƙi abincin yini, ta ce "Ka gafarta mana laifofinmu", daga nan sai muryarta ta ɗauke. Mu ne za mu ƙarasa da "kamar yadda mu ma muke gafarta wa masu yi mana laifi", ita kuma sai ta sake kamawa a wajen "kada ka kai mu wurin jaraba". Shekara 13 ta yi tana tsallake wannan layi, ba ta taɓa yi wa kowa bayani ba, mu ma ba mu tambaya ba.

Ai mun san dalili. A Tudun Wadan Kaduna muke zaune lokacin da zanga-zangar adawa da shari'a ta ranar Litinin, 21 ga Fabrairu, ta juye ta zama kisa unguwa-unguwa. Wani dattijo Musulmi da muke kira Baba Alhaji ya ɓoye mu kwana biyu a ɗakin uwargidansa, shi kuma ya shimfiɗa tabarma a ƙofar gida yana ce wa matasa ba kowa a ciki. Kawuna, ƙanen Mama, ya fita duba shagonsa da safiyar Talata, har yau bai dawo ba, ko gawarsa ba mu gani ba. Amma abin da ya fi tsaya wa Mama a maƙogwaro daban ne. Ta tagar ɗakin da aka ɓoye mu ta hango ɗan maƙwabciyarta, yaron da ya tashi yana cin tuwo a kwano ɗaya da ni, yana fitowa daga gidanmu da keken ɗinkinta a ka, kafin a cinna wa gidan wuta. Waɗanda suka kashe kawu ba ta san fuskarsu ba. Wannan kuwa ita ke ɗinka masa kayan salla.

Muka tsallaka kogi muka koma Sabon Tasha, kamar dubban Kiristoci, Musulmin da ke kudancin garin su ma suka kwashe nasu suka yi arewa. Tun daga nan Kaduna ta zama gari biyu da gada a tsakani. A sujadar tunawa da kawu, fasto ya tsaya a gaban bagade ya ce a madadin iyalin nan, mun yafe. Majami'a ta amsa da amin, ni ma na amsa da ƙarfi, ina saurayi mai zafin bangaskiya. Mama ba ta ce uffan ba. Matan zumunta suka yi ta zarya, kowacce da "Mama, a yi haƙuri, a bar wa Allah", har wasu suka fara raɗa cewa bangaskiyarta ta yi sanyi.

Na daɗe ina ganin Mama ce ke da matsala. Yanzu da furfura ta fara fito mini, ina ganin a cikin dukan mutanen da ke majami'ar ran nan ita kaɗai ta ɗauki maganar yafiya da nauyin da Yesu ya ba ta. Mu Kiristocin arewa mun mai da "mun yafe" wani abu da ake faɗa a bakin kabari, kamar yadda ake rera waƙar rufewa. Kafin ƙasar kabari ta bushe an miƙa wa gwauruwa lasifika, ana jira ta faɗi kalmar da za ta kwantar wa kowa hankali. In ta faɗa a yaba mata, a ce ga mace mai bangaskiya. In ta kasa a dube ta da tausayin da ke da zargi a ƙarƙashinsa. Ba wanda ke komawa bayan wata shida ya tambaye ta yadda take kwana.

Kuma mu duba su wa wannan gaggawa take wa amfani. Duk rikicin da aka yi, daga Kafanchan a 1987 zuwa Zangon Kataf a 1992, daga Kaduna a 2000 zuwa Jos a 2001 da 2008, sai an kafa kwamitin bincike. A Jos kaɗai an yi na Mai Shari'a Niki Tobi, an yi na Bola Ajibola. Mutane suka je suka ba da shaida da hawaye, aka rubuta rahotanni masu kauri. Waɗanda aka hukunta kuwa, in aka gwada da yawan gawarwakin da aka binne, ba su taka kara sun karya ba. Ga mai mulkin da bai yi aikinsa ba, ba waƙar da ta kai "mun yafe" daɗi. Yakan zo ta'aziyya da jerin motoci da buhunan shinkafa, ya ce a yafi juna, a rungumi zaman lafiya, ya tafi. Annabi Irmiya ya san irin waɗannan: masu ɗaure raunin jama'a sama-sama, suna cewa lafiya, lafiya, alhali ba lafiya. Duk wanda ya taɓa jinyar gyambo ya san abin da ke faruwa in fata ta rufe a sama, ruwa yana ciki.

To amma kada wani ya ɗauka ina neman wa kanmu ƙofar gudu. Babu ita. Da akwai, da ni zan fara bi. A Matiyu sura 6, da Yesu ya gama koyar da addu'ar nan, bai koma ya yi sharhi a kan abinci ko jaraba ba, layin da Mama ke tsallakewa shi kaɗai ya koma ya jaddada: in ba ku yafe wa mutane ba, Ubanku ma ba zai yafe muku ba. A sura 18 Bitrus ya zo da lissafinsa na sau bakwai, yana ganin ya yi ƙoƙari, aka ce masa bakwai har sau saba'in. Sai misalin bawan da aka yafe wa talanti 10,000, bashin da ko zai yi rai goma ba zai biya ba, ya fita ya shaƙe wuyan ɗan'uwansa a kan dinari 100. Ƙarshen misalin ne ke hana ni barci, don cewa aka yi kowa ya yafe wa ɗan'uwansa da zuciya ɗaya. Zuciya aka ambata. Da baki aka ce, da tun 2000 na gama nawa.

Ranar da na gane ban gama komai ba ina iya faɗinta. Watan Afrilun 2011 ne, bayan zaɓen shugaban ƙasa. Aka ƙona majami'u a garuruwan arewa da dama, sai labari ya fara zuwa daga kudancin jiharmu, daga Zonkwa da Matsirga da kewayen Kafanchan, cewa an kashe Musulmi ɗaruruwa. Ina zaune a tsakar gida da waya a hannu, sai na ji wani sanyi a raina, bakina kuma ya riga hankalina. Na ce, "Su ma su ji in da daɗi." Mama tana tsince shinkafa, ko ɗago kai ba ta yi ba. Ta ce, "Kai da ka yafe tun shekara goma sha ɗaya?"

Lokacin ina malamin makarantar Lahadi, ina cin jibin Ubangiji kowane wata, na sha yi wa matasa wa'azi a kan ƙaunar maƙiyi. Ga shi an yanka mutanen da ba su san Tudun Wada ba, ba su san kawuna ba, wataƙila a cikinsu akwai irin Baba Alhaji, ni kuma ina jin daɗi. Ashe yafiyar da na yi a fatar baki murfi na ɗora wa tukunya, abin da ke ciki yana ta tafasa. Mama da ta ƙi faɗin abin da ba ta ji ba, ita ce ta kasa cin abinci daren nan.

Wannan ma wani gefe ne da ba ma son taɓawa a kan bagade. Kullum in ana wa'azin gafara, mu ne waɗanda aka cuta, tambayar kawai ita ce ko za mu yi alherin yafewa. Amma a Yelwan Shendam, bayan kisan da aka yi wa Kiristoci har cikin majami'a a Fabrairun 2004, su wa suka dawo a watan Mayu suka kashe Musulmi ɗaruruwa, har Obasanjo ya kafa dokar ta-ɓaci a Filato? A 2010, kafin Dogo Nahawa a watan Maris, akwai Kuru Karama a Janairu, inda aka tsamo gawarwakin Musulmi daga rijiyoyi. Masu wannan aiki wasunsu an yi musu baftisma, suna da sunaye daga Littafi Mai Tsarki, ranar Lahadi sun je sujada. Hausawa na cewa ramuwar gayya ta fi ta gayya zafi, wasu ma har su ce rama cuta ga macuci ibada ne. Mun ɗauki karin maganar nan mun shigar da ita coci ba tare da mun yi mata baftisma ba. Ban taɓa halartar sujadar da ikilisiya ta tsaya ta ce ’ya’yanmu sun zub da jinin marasa laifi, muna roƙon gafara ba, alhali Matiyu 5 cewa ya yi in kana miƙa baiko ka tuna ɗan'uwanka yana da wata magana game da kai, ka ajiye baikon ka je ku shirya tukuna.

Akwai mutumin garinmu da labarinsa ya zagaya duniya, amma ina ganin ana yawan tsallake wurin da ya fi amfani a ciki. Fasto James Wuye yana cikin jagororin matasan Kirista masu faɗa a Kaduna, a rikicin 1992 aka sare masa hannun dama. Imam Muhammad Ashafa yana ɗaya ɓangaren, shi kuma ya rasa malaminsa da ’yan'uwansa biyu. A 1995 wani ɗan jarida ya haɗa su, suka fara aiki tare, daga baya suka kafa cibiyar sasanci tsakanin addinai, suka taimaka aka samu yarjejeniyar zaman lafiya ta Kaduna a 2002, suka shiga tsakani a Yelwan Shendam. Wannan kowa ya sani. Abin da Wuye da bakinsa ya sha faɗa shi ne, shekara uku suna yawo tare, suna hawa dandamali ɗaya, wani lokaci su kwana ɗaki ɗaya, shi kuwa in ya dubi Ashafa yana barci sai ya ji kamar ya danne shi da matashin kai. Sai da wani fasto ya gaya masa gaskiya, cewa ba a wa'azin Almasihu da ƙiyayya a zuciya, sannan abin ya fara narkewa. Haka shi ma Ashafa, huɗubar Juma'a ce a kan yadda Annabi ya yafe wa mutanen Ɗa'ifa ta karya masa zuciya.

Shekara uku ke nan mutum yana aikin sulhu da hannun roba, duniya tana tafa masa, zuciyarsa ba ta iso ba tukuna. Da ya yi shiru da wannan ba wanda zai sani. Faɗin da ya yi ya fi mini wa'azi ɗari, domin ya nuna cewa ƙafa tana iya riga zuciya, mutum ya fara tafiya wajen maƙiyinsa cikin biyayya tun bai ji komai ba, muddin bai yi wa kansa ƙarya cewa ya iso ba. Laifina ni shi ne na ɗauka na iso, sai na zauna.

Mu koma kan Yusufu, wanda muke koya wa yara labarinsa kamar ya ga ’yan'uwansa ne kawai ya buɗe hannu. A lissafa shekarun. Yana da 17 aka sayar da shi, yana da 30 ya tsaya gaban Fir'auna, aka yi shekara bakwai na ƙoshi, yunwa ta ci biyu kafin ya bayyana kansa. Shekara 22 ke nan. Ɗansa na fari ma Manassa ya sa masa, wai Allah ya mantar da shi wahalarsa da gidan ubansa. Mantuwar da ranar da ya ga fuskokinsu ta watse. Ya yi musu magana da kaushi, ya ce ’yan leƙen asiri ne, ya kulle su kwana uku, ya riƙe Saminu, ya juya baya ya yi kuka, ya wanke fuska ya dawo. Ya sa aka ɓoye ƙoƙonsa a buhun Biliyaminu. Me yake nema? So yake ya ga ko mutanen da suka sayar da ɗan Rahila ɗaya za su sake sayar da na biyu in wuya ta yi wuya. Sai da Yahuza, wanda shi ya kawo shawarar sayarwar tun farko, ya ce a riƙe shi bawa a saki yaron, sannan Yusufu ya fashe da kukan da har gidan Fir'auna aka ji. Ni a karatuna, fansa kam ya daɗe da ajiye ta, don da ita yake so da kalma ɗaya ta isa. Hatsi ma bai hana su ba, har kuɗinsu ya mayar musu. Amma amincewa sai da ya ga shaida. Kuma bayan shekara 17 suna zaune a Masar, da Yakubu ya rasu, tsoro ya sake kama su, suka aika suna roƙo, Yusufu ya sake yin kuka. Ko a gidan da Allah ya sa hannu, haka raunin ya yi ta tashi.

Wannan bambanci tsakanin ajiye fansa da mayar da amana shi ne ke ɓace mana a maganar tubabbun ’yan Boko Haram. Ba ikilisiyar da ta sha wuyar yaƙin nan kamar Ekklesiyar ’Yan'uwa a Nijeriya, wadda ta samo asali a Garkida a 1923, kuma tun asali koyarwarta ta ƙin ɗaukar makami ce. Yawancin ’yan matan Chibok 276 da aka sace a Afrilun 2014 ’ya’yanta ne. A Oktoban shekarar aka mamaye hedkwatarta da ke Kwarhi kusa da Mubi, shugabanninta suka yi gudun hijira zuwa Jos. A Janairun 2020 aka kashe Rabaran Lawan Andimi, shugaban Ƙungiyar Kiristocin Nijeriya (CAN) na Michika, bayan an nuna shi a bidiyo yana magana cikin natsuwar da ta ba mutane mamaki. Duk da haka mutanen ikilisiyar nan suna cikin waɗanda suka kafa matsugunin Gurku a jihar Nasarawa, inda ’yan gudun hijira Kirista da Musulmi ke zaune tare. Ba ni da bakin koya wa irin waɗannan mutane yafiya.

Sai ga gwamnati tun 2016 da shirinta na Operation Safe Corridor: a kai waɗanda suka miƙa wuya sansanin Malam Sidi a Gombe, a yi musu nasiha, a koya musu sana'a, su yi rantsuwa, a mai da su jihohinsu. Bayan mutuwar Shekau a 2021 kuma dubbai suka fito daga daji a Borno. Ban ce shirin ba shi da hujja ba. Yaƙi ba ya ƙarewa in wanda ke son ajiye bindiga ya san mutuwa ce ke jiransa, kuma da yawa cikinsu yara ne aka kwashe da ƙarfi. Inda nake da ja shi ne a ce wa matar da ke sansani shekara goma, wadda aka yanka mijinta a gabanta, ai ke Kirista ce, sai ki karɓe shi. Gwamnati tana iya yin afuwa a kan laifin da aka yi wa ƙasa. Haƙƙin matar nan kuwa ba na gwamnati ba ne balle ta yi kyauta da shi. Kuma tuban da Littafi ya sani yana da hannu da ƙafa. Zakka bai tsaya a kan "na tuba" ba, cewa ya yi rabin dukiyarsa na matalauta ne, wanda kuma ya zalunta zai mayar masa ninki huɗu. Ina wanda ya tsaya gaban dattawan ƙauye ya faɗi abin da ya yi da bakinsa, ya nuna inda aka binne mutane, ya faɗi inda aka kai ’yan matan? Wanda bai yi ko ɗaya ba, in mutane suka kira nasa tuban muzuru, kada a ga laifinsu.

Ikilisiyar farko ma ta taɓa samun tubabben ɗan ta'adda, sunansa Shawulu. Da Ubangiji ya aiki Hananiya wurinsa, sai da Hananiya ya yi gardama, ya ce ya ji irin ɓarnar da mutumin nan ya yi a Urushalima. Ya je dai, ya ɗora masa hannu, ya kira shi ɗan'uwa. Amma da Shawulu ya iso Urushalima yana neman shiga cikin masu bi, duk suka ji tsoronsa, ba su yarda almajiri ne ba, sai da Barnaba ya kama hannunsa ya tsaya masa. Littafi bai zarge su da rashin bangaskiya ba. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Abin da ya warware matsalar shi ne mutumin da jama'a suka yarda da shi ya sa sunansa jingina, da kuma shekarun da Shawulu ya yi yana shan duka saboda sunan da ya tsananta. Mu muna so a tsallake Barnaba, a tsallake shekarun, a tafi kai tsaye wajen hoton rungumar juna.

Ba sai an je Borno ba ma. A cikin gidajenmu haka abin yake. Mace ta zo wurin dattawan ikilisiya da kumburarren ido, a buɗe mata bakwai sau saba'in, a ce ta koma ɗakinta. Mijin ba a ce masa komai ba, musamman in yana cikin masu ba da baiko mai kauri. Yarinya ta yi ciki a sa ta a horo ta zauna bencin baya wata shida, wanda ya yi mata yana gaba yana karanta sanarwa. Luka 17 cewa ya yi in ɗan'uwanka ya yi laifi ka tsawata masa, in ya tuba ka yafe masa. Mun haddace rabi na biyu, rabin farko kuma mun bar shi don yana jawo rigima da manya. Matar nan tana iya yafe wa mijinta har ga Allah, ta kuma ƙi komawa inda za a kashe ta. Romawa 12 da ta hana mu ramuwa, sura ta gaba ce ta ce mai mulki ba a banza yake riƙe da takobi ba. Wanda ya yafe bai zama dole ya janye ƙara ba.

Na san abin da wani fasto zai ce mini, don an taɓa ce mini: in ka ba mutane izinin jinkiri, ka ba su izinin riƙo, wasu har kabari. Gaskiya ne, akwai wannan haɗari, na kuma san tsofaffin da suka mutu da "Allah ya isa" a baki. Akwai kuma waɗanda Allah ke ba alherin yafewa nan take. Istifanas ana jifansa yana roƙa wa masu jifan gafara. A Janairun 2015, da aka ƙona majami'u a Damagaram da Yamai saboda zanen wata jaridar Faransa da Kiristocin Nijar ba su san hawa ba balle sauka, shugabanninsu sun fito tun toka ba ta huce ba suka ce sun yafe, kuma ba ni da dalilin cewa ba har zuci ba ne. Amma kyauta ce wannan, ba a mai da kyauta haraji. Kuma akwai tazara mai nisa tsakanin wanda ya ce ba zan yafe ba har abada da wanda ya ce Ubangiji, na kasa, ka taimake ni. Na farkon ya rufe ƙofa ya jefar da makulli. Na biyun yana cikin Zabura, inda Dawuda ke tambayar Allah har yaushe, inda ma ake faɗa wa Allah maganganun da ba ma iya karantawa a sujadar Lahadi. Allah bai share su daga Littafinsa ba. Wanda ya kai fushinsa gaban Allah ɗanye, ya fi kusa da warkewa a kan wanda ya shafa masa hoda ya kawo coci.

Sabuwar zuciyar da Ezekiyel ya yi alkawari, cewa Allah ya yi shi zai cire ta dutse ya sa ta nama. Aikinsa ne, ba a yin sa da umarnin mai riƙe da lasifika. Abin da ikilisiya za ta iya shi ne ta zauna da mutum tsawon lokacin da aikin zai ɗauka. Da ni ake tambaya, da na ce fastoci su daina yafewa a madadin iyalai a wurin jana'iza. Su bar mutane su yi makoki. Su koma bayan wata uku, bayan shekara, lokacin da masu ta'aziyya suka watse. Su riƙe gwamnati da maganar hukunci da irin ƙarfin da suke riƙe gwauraye da maganar haƙuri. Kuma su fara tambayarmu, mu masu saurin amin, abin da muke ji in mun ji an kashe na wancan gefe.

Daga baya ne ƙanwata ta gaya mini cewa duk shekarun nan Mama tana ambaton sunan yaron a addu'arta ta asuba, ita kaɗai. Da fari abin da take cewa kawai shi ne, "Ubangiji, ka dai gan shi." Shekaru suka wuce tana nan a kan haka. Wata rana ƙanwata ta ji ta ƙara da cewa Allah ya sa ya samu abin yi, ya daina bin ’yan iska. Yaushe addu'ar ta juya, ita kanta Mama ba za ta iya faɗa ba.

A 2013 labari ya zo cewa maƙwabciyar tata, uwar yaron, ta rasu. Shekara 13 ba su ga juna ba, matan da a dā ko gishiri ɗaya ta rasa sai ta aika gidan ɗaya. Mama ta shiga ɗaki ta daɗe, ta fito da mayafi ta ce in kai ta. Na ce, "Mama, Tudun Wada fa?" Ta ce, "Na san hanya, in ba za ka ba in hau mota." Na kai ta, na tsaya a waje wurin maza, ina ta zufa. Yaron, wanda yanzu magidanci ne da ’ya’ya uku, ya zo ya durƙusa ya ce, "Mama, sannu da zuwa." Ta ce, "Ya haƙuri? Allah ya ji ƙanta." Bai ce ta yafe masa ba, ita ma ba ta ce ta yafe ba. Filinmu na nan da ragowar bango, ba ta ko kalle shi ba, daga baya ma sayar da shi ta yi, ta ce ba za ta sake kwana a unguwar ba. Har gobe kuma tana cewa in hukuma ta kira ta a kan abin da ta gani ta taga, za ta faɗa.

Daren nan a wurin addu'a ta faɗi layin, a hankali, kamar mai taka ƙafar da ta daɗe a ɗaure. Ba wanda ya ɗaga kai. Da aka watse na bi ta ɗaki na ce, "Mama, kin ga keken kuwa?" Ta ce ta gan shi, yana ɗakin marigayiyar a bayan ƙofa, an rufe shi da tsohon zane. Ta yi shiru tana kwance ɗankwali, sannan ta ce, "Duk ya yi tsatsa. Ko mai ba sa sa masa."